Kogin Iska da Lilon Nauyin Iska: Abu Guda Mai Fuska Biyu

(Jawabin da ɗaya daga cikin malamanmu na darasin labarin ƙasa ya gabatar a taron ƙara wa juna sani na wannan reshe.)



 Da aka ce in zaɓi abin da zan yi magana a kansa, sai na zaɓi abin da ya taɓa ba ni kunya a gaban aji, domin na san abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Wata rana ina koyar da 'yan aji biyu na babbar sakandare, na rubuta a allo abin da dukkanmu muka haddace tun muna 'yan makaranta, wato iska tana tasowa daga inda nauyinta ya yi yawa ta nufi inda ya yi ƙaranci. Sai wata yarinya daga bayan aji ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, in haka ne, me ya hana nauyin ya daidaita tun tuni, iska ta huta?" Na ce mata tambaya ce mai kyau, za mu dawo kanta. Ku da kuke malamai kun san abin da wannan amsa take nufi. Da na koma gida na buɗe littafin da muke koyarwa da shi, sai na tarar nauyin iska yana babi guda, iskoki suna wani babi, yanayin ƙasashe yana babi na uku, ba abin da ya haɗa su sai bangon littafin. Abin da nake so in nuna a yau shi ne, waɗannan babi uku labari ɗaya ne. Zan ɗauki misali daga arewacin tekun Atlantika, domin nan ne aka fi daɗewa ana auna al'amarin, sa'an nan mu dawo gida mu dubi namu sararin.

Mu fara da nauyin. Iskar da ke bisa kanmu tana danna kowane wuri mai faɗin farcen yatsa da nauyin da ya kai kimanin kilo ɗaya. Da baromita ake auna shi, na'urar da Evangelista Torricelli ya ƙirƙiro a Italiya a 1643, kuma matsakaicinsa a bakin teku miliba 1013 ne. Domin sauƙin magana, inda nauyin ya yi yawa zan kira shi tudu, inda ya yi ƙaranci kuwa in kira shi kwari.

A can sama, tsakanin kilomita 9 da 16 daga doron ƙasa, akwai wata iska mai tsananin gudu a cikin siririyar hanya, faɗinta 'yan ɗaruruwan kilomita, tsawonta dubbai, tana kewaya duniya daga yamma zuwa gabas. Gudunta yakan wuce kilomita 200 a sa'a, wani lokaci ma ya haura 400. Kogin iska nake kiranta, domin tana da tsakiya mai ƙarfi da gefe mai rauni, tana lanƙwasa, tana kuma sauya hanya kamar yadda kogi yake yi. Wani masanin yanayi ɗan Japan, Wasaburo Oishi, ya auna ta da balan-balan tsakanin 1923 da 1925, amma ya buga bincikensa da harshen Esperanto, wanda masu karanta shi ba su da yawa, saboda haka duniya ba ta kula ba. Sai a ƙarshen 1944, da jiragen yaƙin Amurka suka ci karo da ita a bisa birnin Tokyo, ta hana su saita abin da suka je nema, sa'an nan aka tabbatar cewa lamarin ba na wasa ba ne. A yau matuƙa jirgin sama da ita suke lissafi. A watan Fabrairun 2020 wani jirgin British Airways ya hau bayanta daga New York zuwa Landan cikin sa'a 4 da minti 56, alhali tafiyar takan ci fiye da sa'a shida.

Me ke haifar da wannan kogi? Iskar ɗumi takan kumbura ta yi tsawo, ta sanyi kuwa takan takure ta gajarce. Saboda haka wanda ya hau kilomita 10 a bisa ƙasashen zafi, iskar da ta rage a kansa ta fi wadda za ta rage in ya hau daidai wannan tsawo a bisa ƙasashen ƙanƙara. Ke nan a can sama akwai gangara daga wajen layin ikweta zuwa ƙuryar arewa. Iska ta kama wannan gangara za ta bi, amma duniya tana juyawa a ƙarƙashinta, kuma wannan juyi yana karkatar da duk abin da ke doguwar tafiya a rabin duniya na arewa zuwa hannun dama. Bafaranshen nan Coriolis ne ya bayyana lissafin haka a 1835. To, wanda ya nufi arewa aka yi ta karkatar da shi dama, ai gabas zai dosa. Inda zafi da sanyi suka fi kusantar juna, nan gangarar ta fi tsanani, nan kuma kogin ya fi gudu. Shi ya sa ya fi ƙarfi a lokacin sanyin Turai, sa'ad da ƙuryar arewa take cikin dare na watanni.

Ga amsar yarinyar nan ke nan. Iska ba ta samun damar cike kwarin, domin juyin duniya yana sa ta kewaya shi maimakon ta faɗa cikinsa kai tsaye, rana kuma kullum tana sabunta bambancin zafi da sanyi. Da na san wannan a ranar, da ban ce mata za mu dawo kanta ba.

Yanzu sai lilo. Wani limamin kirista ɗan Denmak, Hans Egede Saabye, wanda ya zauna a Girinlan daga 1770 zuwa 1778, ya rubuta a kundinsa abin da mutanensa suka lura da shi, cewa shekarar da sanyi ya tsananta a Denmak sai ya yi sauƙi a Girinlan, shekarar da ya yi sauƙi a Denmak kuma sai ya tsananta a Girinlan. Sun ga abin, amma ba su san dalili ba. Wanda ya sa masa suna shi ne Gilbert Walker, masanin lissafi ɗan Ingila da aka ba shi shugabancin ma'aikatar yanayi ta Indiya a 1904, bayan mummunar yunwar da ta biyo rashin damina a 1899. Abin da aka nema a wurinsa shi ne hanyar sanin daminar Indiya tun kafin ta zo. Ya tara alƙaluman nauyin iska da zafi da ruwan sama daga tashoshi na sassan duniya, ya sa ma'aikatansa suka yi ta kwatanta su da hannu shekara da shekaru. Bai sami cikakken abin da ya fita nema ba, amma ya gano cewa akwai wurare masu nisa da juna waɗanda nauyin iskarsu yake tafiya kamar sikeli, in wannan gefe ya hau wancan ya sauka. A shekarun 1920 ya ambaci uku: lilon arewacin Atlantika, lilon arewacin Fasifik, da lilon kudu.

Na farkon, wanda littattafai suke taƙaita sunansa da haruffa uku, NAO, tsakanin wurare biyu yake. A kusa da tsibirin Aisland akwai kwari na dindindin, inda a lokacin sanyi matsakaicin nauyi yake kusan miliba 1000. A wajen tsibiran Azoras, yamma da Fotugal, akwai tudu na dindindin, inda yake haura 1020. Kwarin ba ya zama tudu, tudun kuma ba ya zama kwari in an ɗauki matsakaicin shekaru. Abin da ke sauyawa shi ne girman tazarar da ke tsakaninsu. Wata shekara kwarin ya ƙara zurfi, tudun ya ƙara tsawo a lokaci guda. Wata shekara kuma dukkansu su yi laushi. A 1995 James Hurrell ya kwatanta ma'aunin Lisbon da na Stykkisholmur a Aisland tun daga 1864, ya fitar da jerin da ake amfani da shi har yau.

To, ina alaƙar wannan lilo da kogin iska? Ku tuna cewa iska kewaya kwari da tudu take yi. A rabin duniya na arewa tana kewaya tudu ta hanyar da hannun agogo yake bi, tana kewaya kwari ta akasin haka. Ku zana su a allo, kwarin Aisland a sama, tudun Azoras a ƙasa, ku sa kibiyoyi. Za ku ga a tsakaninsu kibiyoyin duka gabas suka nufa, kamar tayoyi biyu masu tura abu guda ta tsakaninsu. Wannan tsakani shi ne hanyar kogin iska a bisa Atlantika.

Idan tazarar ta yi girma, kogin yakan yi ƙarfi, ya miƙe, ya karkata arewa, ya kwashi guguwar teku da ɗuminta da ruwanta ya kai wa Sikotlan da Norwe. Arewacin Turai ya sami sanyi mai sauƙi da ruwa mai yawa, Girinlan ta sha sanyi, ƙasashen Bahar Rum kuma su bushe. Haka aka yi ta samu daga 1989 zuwa 1995, kuma a cikin waɗannan shekaru ne kudancin Sifen ya shiga fari har aka riƙa ba da ruwan famfo da sa'o'i a birnin Sebil. Idan kuwa tazarar ta ragu, kogin yakan yi rauni, ya yi ta lanƙwasa, ya sauko kudu. Sau da yawa wani tudu yakan kafu a bisa Girinlan ya tare hanyar arewa, kamar dutsen da ya faɗa tsakiyar rafi. Lokacin sanyin 2009 zuwa 2010 shi ne mafi tsanani a wannan ɓangare tun da aka fara jerin ma'aunin. Birtaniya ta ga sanyin da ba ta gani ba tun na 1978 zuwa 1979. Ruwan da ya saba zuwa arewa ya sauka a Fotugal da Sifen da Maroko, kuma a ranar 20 ga Fabrairun 2010 ambaliya ta halaka fiye da mutum 40 a tsibirin Madera. A daidai wannan lokaci Kanada ta sami lokacin sanyi mafi ɗumi da ta taɓa aunawa zuwa wannan shekara. Abin da Saabye ya ji a bakin mutanensa ke nan, bayan shekara fiye da 230. Wani bincike da Tim Woollings da abokan aikinsa suka buga a 2010 ya ƙara nuna cewa a lokacin sanyi kogin yana da mazauni uku da ya fi zama a bisa Atlantika, na kudu da na tsakiya da na arewa, kuma yakan yi kwanaki a ɗaya kafin ya koma wani.

A nan ɗalibi mai kaifin basira zai tambaya: lilon ne yake tura kogin, ko kogin ne yake kaɗa lilon? Amsar ita ce, ba abu biyu ba ne da ɗaya zai riga ɗaya. Mai baromita a ƙasa yana ganin tazarar nauyi, mai balan-balan a sama yana ganin gudun iska, amma abu guda suke aunawa. Kogi ne da gaɓarsa: gaɓa tana nuna wa ruwa hanya, ruwa kuma yana sassaƙa gaɓa. Kogin iska yana haifar da guguwa, guguwar kuma, sa'ad da take girma tana mutuwa, tana mayar wa kogin da ƙarfi tana kuma ƙara wa kwarin Aisland zurfi. Wannan ita ce maganar da nake so kowane malami ya tafi da ita.

Haka abin yake a lilon kudu, wanda ake aunawa tsakanin tsibirin Tahiti da garin Darwin na Ostireliya. A 1969 Jacob Bjerknes ya nuna cewa wannan lilo da ɗumamar ruwan gabashin Fasifik da ake kira El Nino abu ɗaya ne, rabinsa a teku rabinsa a sama. A shekarar El Nino nauyi yakan hau a Darwin ya sauka a Tahiti, kogin iskar Fasifik ya ƙara ƙarfi ya miƙa gabas, ya kai ruwa mai yawa Kalifoniya da kudancin Amurka, kamar yadda aka gani a 1982 zuwa 1983 da kuma 1997 zuwa 1998.

Yanzu mu dawo gida, amma da taka-tsantsan. Kada wani ya fita daga nan ya ce wa ɗalibai lilon Atlantika ne yake mulkin daminarmu. Ƙarfinsa daga Disamba zuwa Maris yake, lokacin da mu muke cikin hunturu. Inda ya taɓa mu shi ne ƙura. Idan tudun Azoras ya yi ƙarfi ya miƙo bisa arewacin Afirka, iskar arewa maso gabas takan ƙara ƙarfi, kuma wani bincike da aka buga a 1997 ya nuna cewa a irin waɗannan shekaru ƙurar da ke fita daga Sahara zuwa Atlantika takan ƙaru. Babban tushen hazon da ke rufe mana rana shi ne kwarin Bodele a arewacin Chadi, busasshen gindin tsohon tafki.

Damina kuwa tana da nata koguna biyu, kuma su daga gabas suke zuwa yamma. Na farko yana kimanin kilomita 3 zuwa 4 a sama, gudunsa wajen kilomita 40 zuwa 50 a sa'a. Dalilinsa shi ne dalilin da muka riga muka faɗa, sai dai a juye: a wurinmu zafi yana arewa, a Sahara, sanyi-sanyi kuma yana kudu, a bakin teku, saboda haka gangarar ta juya, kogin ma ya juya. A watan Agusta yakan kai wajen digiri 15, wato daidai layin Tawa a Nijar, alhali Kano tana kan digiri 12. Na biyu yana can sama, kilomita 12 zuwa 15, yana tasowa daga kudancin Asiya, ya ratsa tekun Indiya ya iso mana, kuma ya fi zama kudu da na farkon. Binciken Sharon Nicholson ya nuna cewa mafi yawan ruwan damina a tsakanin waɗannan koguna biyu yake sauka. A shekarun albarka na saman yakan yi ƙarfi, na ƙasan ya matsa arewa. A shekarun fari na saman yakan yi rauni, na ƙasan ya tsaya kudu.

Ga wata tambaya da za ku iya buɗe darasi da ita. Kowane yaro ya san cewa da damina iskar da ke kaɗawa a ƙasa daga kudu maso yamma take zuwa, ita ce mai kawo laima daga teku. Kowane yaro kuma ya san cewa hadari daga gabas yake tasowa. Yaya aka yi laima ta zo daga yamma, hadari ya zo daga gabas? Kogin nan na ƙasa ne yake tafiyar da hadarin. Kakanninmu da suka riƙa duban gabas kafin su kwashe shanya, da wannan kogi suke lissafi, ko da ba su sa masa suna ba.

El Nino kuma yakan raunana kogin na sama, shi ya sa sau da yawa shekarunsa sukan zo mana da ƙarancin ruwa. Farin 1972 zuwa 1973 da na 1983 zuwa 1984, waɗanda da yawa daga cikin iyayenmu da ke zaune a nan suka gani da idonsu, duka sun zo ne a jikin El Nino mai ƙarfi, ko da yake zafin ruwan Atlantika da na tekun Indiya ma suna da hannu a ciki. Saboda wannan alaƙa ce hukumar NiMet take ambaton halin da Fasifik yake ciki a hasashen damina da take fitarwa a farkon kowace shekara. Ɗalibanmu 'ya'yan manoma ne da makiyaya. In iyayensu sun ji wannan hasashe a rediyo, yaron da muka koyar ne ya kamata ya fassara musu shi. In mun koya masa hadda kawai, ko dai ya ɗauki hasashen kamar yankan wuƙa ya tsorata gida, ko kuwa ya watsar da shi ranar da ya ga bai cika daidai ba.

Saboda haka ina da shawara huɗu. Ta farko, mu daina raba waɗannan babi uku. Mu koyar da su a jere, da taswira ɗaya a allo. Ta biyu, mu fita da yara fili. A sa rukuni ɗaya su zama kwarin Aisland suna kewayawa ta hagu, rukuni na biyu su zama tudun Azoras suna kewayawa ta dama, a miƙa igiya a tsakaninsu, a sa su matso ko su ja baya, su ga inda igiyar take komawa. Wannan ba ya bukatar ko kwabo, kuma gani ya kori ji. Ta uku, mu koya musu bambancin "galibi" da "kullum". Lilo yana karkatar da shekara ne zuwa wani ɓangare, ba ya yanke mata hukunci, kuma yaron da ya fahimci wannan ya sami abin da zai amfane shi har a wajen darasin labarin ƙasa. Ta huɗu ta shafi ƙungiya. Ina roƙon shugabanni su duba yiwuwar kowace makaranta a wannan reshe ta kafa ma'aunin ruwan sama, ko da na kwalba da rula ne, yara su riƙa rubutawa kullum da safe, tare da ɓangaren da hadari ya taso, a ƙarshen damina a tattara a buga a wannan mujalla tamu. Walker da alƙaluman da wasu suka yi haƙurin rubutawa kullum ya yi aikinsa. Cikin shekara goma za mu sami jerin da yaranmu za su kwatanta da abin da Fasifik ya yi, su yanke hukunci da kansu.

Yarinyar nan na koma mata da amsa bayan mako guda, na kuma faɗa wa ajin cewa ranar da ta yi tambayar ban sani ba. Ban ga darajata ta ragu a idonsu ba. Abin da na gani shi ne hannuwa sun ƙaru a sama. Allah ya ƙara mana sani mai amfani, ya ba mu damina mai albarka, ya kuma saka wa malamai da alheri.